Darasi: Kula da Batirin Motar Ikkilisiya

Karatu: Matiyu 25:1-13



A yawancin ƙauyukanmu, motar jif ta ikkilisiya ko ta ɗakin shan magani ce kaɗai ke iya bin hanya da damina. Ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke ɗaukar wanda maciji ya sara, ita ke kawo hatsin agaji. Amma duk ƙarfinta, idan batir ya mutu ba za ta motsa ba. A cikin karatunmu na yau, budurwai goma duk suna da fitilu, biyar ne kawai suka tanadi mai. Mu ma muna da mota. Abin tambaya shi ne, za ta tashi idan aka buga mana ƙofa da tsakar dare?

Ina batirin yake?

A Toyota Land Cruiser da Hilux da Mitsubishi Pajero, batir yana gaba, kusa da inji. Sai mu ja hannun buɗe bonet da ke wajen ƙafar direba, mu ɗaga bonet, mu tokare shi da sandarsa. A tsohuwar Land Rover Defender kuwa, yana ƙarƙashin kujerar gaba ta hagu, sai an ɗaga mazaunin. Wasu motocin dizal suna da batir biyu, a cikinsu kuma akwai masu aiki da bolt 24 maimakon 12. Mu tambayi makanike irin tamu, mu rubuta a littafin mota. Mu nemi wurin batir yau da rana tsaka, kada mu bari sai cikin duhu mara lafiya yana jira.

Kafin mu taɓa shi

A cikin batir akwai farantan dalma da ruwan asid mai ƙona fata da tufa. Yana kuma fitar da iska mai kama wuta. Saboda haka:

1. Mu kashe inji, mu zare makulli.
2. Kada a kawo fitilar kananzir, kyandir, ashana ko taba kusa. Tocila ce abin haskawa.
3. Mu cire zobe da agogon ƙarfe.
4. Batir yana da kai biyu, mai alamar + da mai alamar -. Wajen kwancewa, mu fara da mai alamar -. Wajen mayarwa, shi ne na ƙarshe. Dalili kuwa, wayarsa tana haɗe da jikin mota. Idan muka fara da mai + sifana ta taɓa ƙarfen mota, wuta za ta tartsa, batir yana iya fashewa.
5. Idan asid ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15, sa'an nan a tafi asibiti.

Abin dubawa kowane wata

Ruwan batir. Idan namu mai murafu ne, mu buɗe ramukan shida mu leƙa. Ya kamata ruwan ya rufe farantan da kamar santimita 1. Idan ya ragu, mu ƙara ruwan batir na kwalba wanda aka tace. Ruwan rijiya da na rafi suna da gishirin ƙasa mai lalata farantai. Kada mu ƙara asid, gama ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. A zafin Maris da Afrilu mu duba bayan kowane mako biyu. Batirin da aka rufe shi ruf daga kamfani ba a buɗe shi.

Kawunan batir. Farin gari ko shuɗi da ke taruwa a kansu yana tare wuta. Mu kwance wayoyin, mu wanke da ruwan ɗumi da aka jiƙa 'yar kanwa a ciki, domin kanwa tana kashe kaifin asid. Mu lura kada ruwan kanwar ya shiga ramukan. Mu goge, mu ɗaure sosai, mu shafa giris kaɗan.

Maɗauri. Hanyoyinmu duwatsu ne da ramuka. Batirin da ke rawa a mazauninsa, farantansa suna karyewa daga ciki. Idan ƙarfen ɗaurewa ya ɓace, a sayi wani.

Caji. Makanike zai iya aunawa da mita. Cikakken batir yana nuna wajen bolt 12.6 idan mota ta kwana a kashe. Idan ya nuna 12.2, rabin cajinsa ya tafi. Idan inji yana aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai ba, a duba fambel da altaneta. Jar alamar batir da ta ƙi mutuwa a gaban direba, wannan saƙon take bayarwa.

Aron batir

A nan ne muke roƙon dattawa su saurare mu da kyau. Sau da yawa akan cire batirin mota don lasifikar taron farkawa, ko telebijin, ko cajin wayoyi. Niyyar mai kyau ce, amma an ƙera batirin mota ne don ya ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙu, inji ya tashi, altaneta ta mayar masa nan da nan. Duk lokacin da aka tsotse shi har ƙasa, ƙarfinsa yana raguwa, ba ya kuma komawa kamar dā. Da safe zai yiwu ya ta da mota, amma ran da sanyin hunturu ya kama injin dizal, sai ya gaza. Gara ikkilisiya ta yi baiko na musamman ta sayi batirin lasifika dabam.

Zama ma yana cinye caji. Mu yi tafiyar rabin awa da motar kowane mako. Idan za ta yi fiye da mako biyu a ajiye, mu cire wayar mai alamar -.

Idan ta ƙi tashi

Kada mu murɗa makulli fiye da daƙiƙa 10 a jere. Mu dakata kaɗan, mu duba ko kan batir ya kwance. Idan za a jona da wata mota, sai bolt ɗinsu ya zama ɗaya. Jar waya daga + zuwa +, baƙar waya daga - na mai kyau zuwa ƙarfen injin motarmu, nesa da batir. Mota mai giyar otomatik ba ta tashi da turi.

Tsohon batir

Dalma guba ce. A shekarar 2010 gubar dalma daga aikin haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a Jihar Zamfara. Irin wannan dalmar ce a cikin batir. Kada a fasa shi a gida, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya, kada yara su yi wasa da shi. A mayar wa mai sayar da batir.

Don tattaunawa

1. Wa ke da alhakin duba batirin motarmu? Idan ba kowa, majalisar ikkilisiya ta naɗa mutum ɗaya da mataimaki, a ba su littafin rubuta ranar dubawa.
2. Ban da direba, wa ya san wurin batir da sifana?
3. Muna da kuɗi a ajiye don sabon batir?

Mu yi addu'a Ubangiji ya sa mu zama amintattun masu riƙon kayan da aka ba mu, ya kuma kiyaye direbobinmu a hanya. Amin.