Jan Layi na Legas: Jirgin Unguwanni a Kan Turbar Babban Layin Dogo

Wannan muƙala ta dubi yadda aka samar da Jan Layi na Legas a cikin harabar layin dogon Legas zuwa Ibadan. Hukumar LAMATA ce ta jagoranci aikin. Kashin farko ya tashi daga Agbado zuwa Oyingbo, tsawon kilomita 27, da tashoshi 8, ciki har da Agege da Ikeja da Oshodi. Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da shi ranar 29 ga Fabrairu, 2024.

Hikimar bin turbar da ke akwai ita ce rage rusau da kuɗin diyya a birni mai cunkoso. Sai dai turbar mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ce, kuma jiragenta na fasinja da na kaya ta nan suke bi. Jirgin unguwanni yakan tsaya a kowace tasha, na dogon zango kuwa wucewa yake yi. Saboda haka, yawan sawun da Jan Layi zai yi ya rataya ne a kan jadawalin da hukumomin biyu suka amince da shi. Muddin jadawalin bai wadatar da sawu safe da yamma ba, ma'aikaci zai koma wa motar haya.