Darasi na Goma Sha Huɗu: Gyaran Kurakurai a Manhajar Ɗan Ludo

Ɗalibi, ka san ɗan ludo yana da fuska shida, kuma ba wanda ya san lambar da za ta fito kafin a jefa shi. Kwamfuta ma tana iya kwaikwayon wannan jifa. A yau za mu rubuta ta da harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Amurka a 1972.

Kwamfuta ba ta fahimtar C kai tsaye. Akwai wata manhaja mai juya rubutunka zuwa harshen na'ura, kamar GCC. Mu kira ta tafinta. Idan ka saɓa wa nahawun C, tafinta zai tsaya ya nuna maka lambar layin da ya rikice. Dubi wannan:

#include <stdio.h>
int main(void) {
int ido;
ido = rand() % 6 + 1
printf("%d\n", Ido);
return 0;
}

Alamar % tana ba da ragowar rabawa. Ragowar raba lamba da 6 tana tsakanin 0 da 5, shi ya sa ake ƙara 1. Amma akwai kurakurai uku.

Na farko, layi na huɗu ba shi da waƙafi mai ruwa (;) a ƙarshensa. Wani lokaci tafinta yakan nuna layin da ke biye, don haka ka duba na samansa.

Na biyu, an rubuta ido a sama, sannan Ido a ƙasa. A harshen C, babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne.

Na uku, bayanin rand() yana cikin stdlib.h. Ƙara #include <stdlib.h> a saman rubutun.

Kullum ka fara da kuskuren da tafinta ya ambata da farko, domin kuskure ɗaya yakan haifi wasu. Gyara shi, ka sake gwadawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Bayan gyara, za ka lura lamba ɗaya ce ke fitowa duk sanda ka kunna manhajar. Tafinta ba zai yi ƙorafi ba, domin nahawu daidai yake. Dalili shi ne rand() lissafi take yi daga wata lambar farawa, kuma idan ba ka ba ta ba, 1 take ɗauka. Ƙara #include <time.h>, sannan ka rubuta srand(time(NULL)). Sau ɗaya, kafin rand(). Agogo zai riƙa ba ta sabuwar lamba.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin tafinta?
2. Me ya sa ake ƙara 1 bayan % 6?
3. Wane kuskure ne tafinta bai gano ba?
4. Idan aka jefa ɗan ludo sau 600, kimanin sau nawa kake tsammanin 6 za ta fito? Bayyana dalilinka da Hausa.