Auna Rumbu Tun Kafin a Zuba Hatsi

Yau darasinmu a kan ajiyar takardun ofis ne. Watau akwai dabarar da a ke raba babbar kwamfuta guda ta zama ƙananan kwamfutoci da yawa, kowace tana aikinta kamar ita kaɗai ce. Su a ke kira kwamfutocin kwaikwayo. Kowane dare a kan ɗauki kwafinsu a ajiye a wani faifai dabam. In faifan nan ya cika da tsakar dare, kwafin ya kan yanke, ran da aka nemi takardar fili ko ta gado sai a tarar babu.

Maganin wannan shi ne malamin ofis ya rubuta ɗan jerin umurni wanda zai riƙa yi masa lissafi.

Da fari umurnin ya tambayi girman kowace kwamfuta. Girman iri biyu ne: wurin da aka yanka mata, da wurin da ta cika. A kan KVM, umurnin qemu-img info yana nuna duka biyu. Da na biyun za a yi lissafi, amma a riƙa duban na farkon, domin nan ne iyakar girmanta.

Na biyu, a auna abin da ke sakewa kowace rana, gama bayan cikakken kwafi na farko, canjin kaɗai a ke ɗauka.

Ga misali. Kwamfutoci 4, kowace ta cika gigabait 50, ke nan 200. A ce canjin yini gigabait 10 ne, ana kuwa son ajiyar kwana 30. Cikakken kwafi 200, canjin kwana 29 kuma 290, jimla 490. A ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda ko-ta-kwana, ya kusa 600.

Na uku, umurnin df ya faɗi wurin da ya rage, a gwada shi da jimlar. Sa'an nan a sa cron ya maimaita aikin kowace safiya, ya yi gargaɗi in wuri ya kasa.

A lura, faifan da aka sayar a kan terabait 1, kwamfuta ta kan nuna shi kamar 931 kurum, domin mai sayarwa da 1,000 ya ke ƙirga, ita kuwa da 1,024.

Hakimi ya nemi a kawo masa lissafin nan kowane wata, a kuma gwada maido da kwafi ɗaya a gabansa. Allah ya ba da sa'a.