Shin Linux Za Ta Iya Maye Gurbin Windows a Tsohuwar Kwamfutarka?

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta rufe tallafin yau da kullum na Windows 10. Windows 11 kuma tana neman guntun tsaro na TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutocin tokumbo da muke sayowa a Beirut Road cikin Kano da yawa ba su da shi. To me ya rage wa ɗalibi a Kausani da ba shi da kuɗin sabuwa?

Amsata ita ce Linux Mint, musamman nau'in Xfce, don ba ta cin ƙwaƙwalwa sosai. Kyauta ce, babu batun lasisi ko fasa manhaja. Tana zuwa da Firefox da LibreOffice, wanda ke buɗe fayilolin Word da Excel. Ɗalibin jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil zai rubuta aikinsa, ya yi bincike a intanet ba matsala. Har allon rubutun Hausa akwai, mai ɓ, ɗ da ƙ. Ai Android ɗin wayarka ma a kan Linux aka gina ta.

Amma mai shagon buga katin biki, kada ka yi gaggawa. CorelDRAW da Photoshop ba su da nau'in Linux, Inkscape kuwa sai ka sake zaman koyo, kwastoma ba zai jira ba.

Kafin ka goge komai, saka Mint a filashi mai 4GB ko fiye, ka kunna kwamfutar daga nan. Duba Wi-Fi, sauti da firintarka tukuna.