Damina Da Rani A Ƙwaryar Nono

Duk wanda ya saba cin kasuwa a ƙasar Kano ko Katsina ko Zazzau ya san kuɗin nono ba ya tsayawa wuri ɗaya. Cikin watan Agusta matan Fulani kan cika kasuwa da ƙore, nono ya yi araha har wani ya yi kwantai. Amma daga Maris zuwa Afrilu sai a nemi kindirmo a rasa, ɗan wanda aka samu kuwa ya yi tsada. Saniya dai ita ce ta jiya. Abin da ya sake shi ne abincinta da ruwan shanta.

Ga yadda abin ya ke. In aka kasa madara kashi 100, wajen kashi 87 ruwa ne, sauran kuwa daga abin da saniya ta ci ya ke fitowa. A ƙasashen nan ruwa kan sauka cikin Mayu ko Yuni, ya ɗauke cikin Satumba ko Oktoba. Muddin ciyawa tana ɗanya, hantsa a cike ta ke. Da ruwa ya ɗauke sai ciyawa ta bushe, ƙarfinta ya tafi, gobarar daji ta cinye saura. Sa'an nan saniya ta yini tafiya neman ruwa, ɗan abin da ta ci ya ƙare a hanya.

Zafin bazara kuma da nasa. In rana ta ƙwalle, saniya kan rage ci ta nemi inuwa, nono ya daɗa ja baya. Bunaji da Rahaji da Bokolo sun fi shanun Turai jure wannan, shi ya sa a Shika, kusa da Zariya, aka yi ta haɗa irin Friesian da Bunaji, don a sami yawan nonon wancan da juriyar wannan.

Har wa yau da rani makiyaya kan tafi mashekari, su gangara fadamu da bakin kogin Kwara da Binuwai. Watau nonon ma ya bar kasuwar da ta saba da shi, ga kuma tsando can yana sa wa shanu sammore. Gurbin da aka bari, madarar gari ta ƙasashen waje ke cike shi, kuɗin da ya kamata ya shiga ruga ya tafi wani wuri.

Babban tashin hankali shi ne fari. A farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, shanu masu yawa sun mutu a Nijar da arewacin Nijeriya. Ko da ruwa ya dawo nono bai dawo nan da nan ba, domin cikin saniya wata 9 ne, karsana kuwa a kiwon gargajiya ta kan kai shekara 4 ko fiye kafin ta yi haihuwar fari.

To, ba mai iya tsai da ruwan sama, amma ana iya tanadi. Mai shanu ya yanki ciyawa tun tana kore, ya shanya ta zama ingirici. Da kaka ya tara harawar wake da ta gyaɗa bisa rumfa inda ƙasa ba za ta taɓa su ba. Da bazara ya fara ba masu tatsa, ya haɗa musu da dusa da angurya da 'ya'yan gawo da ɗan kanwa. Kada kuma tsadar nono ta ruɗe shi ya tatse saniya ƙaf, gama maraƙin da aka hana nono bana shi ne garken da za a rasa baɗi.

Manomi kada ya ƙone karansa, ya bar shanu su ci su zuba masa taki. Ɗan kasuwa kuwa ya sayi man shanu da damina yana araha, ya soye shi ya adana, rani zai biya shi wahalarsa. Masu magana sun ce, tun ran gini ran zane.