Yadda Ake Kafa Ɗakin Karɓar Koken Zalunci a Ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi

Mutumin Wurma ko Birchi, ko na Karofi da Shema, idan aka tsare masa ɗa a caji ofis kwana huɗu ba a kai shi kotu ba, ina zai dosa? Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, tana da ofis a Katsina. Haka ma hukumar da ke ba talaka lauya kyauta, wadda take aiki tun 1976. Sai dai tsakanin ƙauye da waɗannan ofisoshi akwai kuɗin mota, akwai fargabar hanya, akwai kuma rashin sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ɗakin koke na ƙauye aikinsa ke nan: ya saurari mutum, ya rubuta abin da ya same shi, ya raka shi inda za a share masa hawaye.

Mataki na ɗaya: ku fara da gaisuwa

Kafin ku nemi ɗaki ko tebur, ku je gaban mai unguwa da dagaci da limamin Juma'a. Daga nan a kai maganar fadar hakimi: Yandakan Katsina a Dutsin-Ma, Maradin Katsina a Kurfi. Ku faɗi abin da kuke nufi da Hausa mai sauƙi. A wurare da yawa, da an ce "kare haƙƙin ɗan Adam" sai dattawa su ɗauka an zo raba mata da mazajensu ne. Ku ce musu wurin hana zalunci za ku buɗe, domin babu malamin da zai ce zalunci halal ne. Bayan haka ku gabatar da kanku ga DPO, da alƙalin kotun shari'ar Musulunci, da kwamandan Hisba, da jagoran askarawan tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023. Wata rana a kansu za a kawo muku ƙara, don haka gara su san fuskokinku tun ana zaman lafiya.

Mataki na biyu: zaɓen mutane

Mutum bakwai sun isa, kuma aƙalla biyu su zama mata. Macen da aka yi wa fyaɗe, ko wadda miji ya fasa wa baki, ba za ta buɗe cikinta gaban maza ba. Ungozoma ko malamar Islamiyya ta fi dacewa, don ita tana shiga gidan da namiji ba ya shiga. Ku sa malamin makaranta mai kyawun rubutu, da ma'aikacin lafiya, da malamin da ya san rabon gado.

Lallai kuma a sami Bafulatani daga rugagen da ke kewaye. Na san a wannan yanki, bayan abin da 'yan bindiga suka yi wa jama'a, wannan magana tana da nauyi a kunne. Amma makiyayin da aka ƙwace wa shanu a hanyar kasuwa don kawai kamanninsa, shi ma an zalunce shi, kuma ɗakin da ya rufe masa ƙofa ya zama ɗakin ɓangare ɗaya. Mai riƙe da muƙamin jam'iyya kuwa, a ba shi haƙuri.

Mataki na uku: ɗaki da rajista

Ku nemi ɗaki kusa da asibitin sha-ka-tafi ko makarantar firamare, inda shigar mace ba za ta ja ido ba. Zauren dagaci bai dace ba, saboda wani koken a kan gonar da shi dagacin ya sa hannu aka sayar ne. Ku rubuta ɗan tsarin mulkin ƙungiya, ku yi rajista a sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma. Rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni (CAC) tana iya jira sai kun yi ƙarfi. Kada a karɓi ko kwabo daga mai koke. Kuɗin mota da na kati su fito daga karo-karo, a riƙa karanta lissafinsu a bainar jama'a.

Mataki na huɗu: littafi

Nan ne ƙarfin aikin yake. Ku sayi littattafai biyu masu bango mai kauri. A na farko a rubuta lambar koke, da rana, da wuri, da abin da ya faru da bakin mai shi, ba tare da ƙarin gishiri ba, da shaidu, da matakin da aka ɗauka. Na biyu shi ke ɗauke da sunan da ke bayan kowace lamba, kuma mutum ɗaya ne kawai yake riƙe da makullinsa. In an gama rubutu a karanta wa mai koke, ya sa hannu ko ya dangwala. In akwai rauni a ɗauki hoto da izininsa, a kuma karɓo takardar likita daga babban asibitin Dutsin-Ma, domin tabo yana warkewa kafin shari'a ta zo.

Sirri a nan maganar rai ce. A ƙasar da kalmar "infoma" kaɗai take iya sa a kashe mutum, koken da ya fita zuwa majalisar shayi ko zauren WhatsApp zai iya jawo gawa. Duk wanda ya fitar da magana daga cikinku, a sallame shi ranar, ko ɗan wane ne.

Mataki na biyar: ku san doka daidai gwargwado

Ba sai kun zama lauyoyi ba, amma waɗannan ku haddace su. Babi na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 shi ya jera haƙƙoƙin ɗan ƙasa. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Wannan wa'adi bai shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba, kuma ku faɗa wa iyaye haka tun farko, kada ku ɗora su a kan buri. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta hana kama mutum saboda bashi, ta kuma ɗora wa majistare zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata ya duba waɗanda ke bayan kanta. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25. Belin caji ofis kyauta ne. Ku gayyaci lauya, ko malami daga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ya zauna da ku yini guda a kan waɗannan.

Mataki na shida: rarrabe abin sulhu da abin da ba a sulhu a kansa

Rikicin iyakar gona, ɓarnar dabbobi, bashi, ciyar da 'ya'ya bayan saki: waɗannan a zauna da dattawa a sasanta, a rubuta abin da aka amince, kowa ya riƙe kwafi. Gado in ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kotun shari'ar Musulunci ce wurinsa.

Fyaɗe, kisa, azabtarwa da lalata ƙananan yara ba su shiga sulhu. A nan za a fi matsa muku. Za a zo da dare a ce a rufa asiri, yaron ɗan gidan mutunci ne, ga kuɗin magani. Ku tuna wanda aka rufa wa asiri yau, gobe 'yar wani zai tare. Abin gaggawa shi ne asibiti: maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, kuma kada a wanke tufafin da abin ya faru a cikinsu. Bayan asibiti sai 'yan sanda, tare da mace daga cikinku. Idan mai laifin a gida ɗaya yake da yarinyar, ku nema mata masauki wurin dangin da ta yarda da su.

Mataki na bakwai: rakiya da bibiya

Kada ku ba mutum takarda ku ce ya tafi Katsina shi kaɗai. Ɗayanku ya bi shi, ya karɓo shaidar an karɓi takardar, da sunan jami'in da ke riƙe da fayil. Kai koke hukumar kare haƙƙi kyauta ne, kuma tun gyaran dokarta na 2010 hukuncinta yana iya samun ƙarfin hukuncin babbar kotu. Koken albashi, fansho ko wulaƙancin ma'aikata a kai shi Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a. Idan tsarewa ta yi tsawo, ƙa'idojin kotu na 2009 kan kare haƙƙin ɗan ƙasa sun ba kowa damar shigar da ƙara a babbar kotu a madadin wanda ke tsare, ko da ba ɗan'uwansa ba ne.

Duk ƙarshen wata ku zauna ku bi littafi lamba-lamba: wanne ya ƙare, wanne ya maƙale, a hannun wa. Duk wata uku ku kai wa hakimi da DPO da shugaban ƙaramar hukuma taƙaitaccen rahoto, adadi kawai ba sunaye. Idan barazana ta zo wa ɗayanku, a rubuta ta ita ma a matsayin koke, a sanar da ofishin hukumar kare haƙƙi a Katsina ranar, a kuma kwafe littafin sunaye a ajiye wurin lauyanku a wajen garin.