Rubutun da Ke Yankewa a Guraben Excel

Wasiƙa

Zuwa ga mai kula da wannan fili. Mai wannan wasiƙa akawu ne a wata makarantar sakandare, kuma shi aka ɗora wa shigar da sakamakon jarrabawa a Excel, haɗe da sharhin malaman aji a kan kowane ɗalibi. Damuwarsa ita ce farkon sharhin kaɗai ke fitowa, wasu guraben makin kuma ba sa nuna komai sai jerin alamar #. An ba shi shawarar danna Wrap Text, ya danna, wasu layuka suka gyaru, wasu suka ƙi. Yana roƙon a yi masa ƙarin haske.

Amsa

Da farko Malam ya kwantar da hankalinsa, domin rubutun yana nan bai ɓata ba. Gurbi, wato ɗan akwatin da ke mahaɗar layin tsaye da layin kwance, yana ɗaukar haruffa har 32,767, kuma duk wanda ya danna shi zai ga abin da ke cikinsa a sararin rubutu da ke saman shafi. Abin da ya gaza shi ne faɗin gurbin, wanda a asali bai wuce na haruffa 8 da ɗoriya ba. Idan gurbin da ke damansa fanko ne, rubutu yakan malala cikinsa, amma da zarar an sa wani abu a can, sai a ɓoye abin da ya rage. Lamba kuwa ba ta malala, tunda rabin lamba yana iya ɓatar da mai karatu, shi ya sa manhajar take maye gurbinta da alamar #, kuma maganin wannan bai wuce danna linzamin kwamfuta sau biyu a kan iyakar dama ta harafin da ke saman layin tsayen ba.

Sharhi mai tsawo bai dace da faɗaɗawa ba, don shafin zai fi ƙarfin takarda idan aka zo bugawa. Wrap Text ne ya dace da shi, domin yana karya rubutu ya sauko da shi ƙasa, tsayin layin kwance kuma ya ƙaru da kansa. Inda ya ƙi, galibi dalili biyu ne. Idan an taɓa jan tsayin layin da hannu, Excel yana ɗauka cewa haka mai aikin yake so, ba zai sake taɓa shi ba har sai an danna sau biyu a kan iyakar ƙasa ta lambar layin. Ɗaya dalilin, wanda ya fi wahalar da ma'aikatan ofis, shi ne haɗe gurabe biyu ko fiye su zama ɗaya, abin da ake yi don ƙawata shafi, alhali manhajar ba ta daidaita tsayin gurbin da aka haɗe, kuma haɗewar tana hana jera sunaye bisa haruffa ko bisa maki. A ganin wannan fili, gara Malam ya warware duk haɗin da ke cikin jadawalin, ya bar na kanun shafi kaɗai.

Akwai zaɓin Shrink to fit da ke ƙanƙanta haruffa su shige gurbi, sai dai ba a so Malam ya kusance shi a wannan aiki, domin takardar sakamako hannun iyaye za ta je, cikinsu har da waɗanda idonsu ya yi rauni. Tsayin layin kwance ma yana da iyaka, ba ya wuce awo 409, saboda haka sharhin da ya kai haka sai a roƙi malamin aji ya taƙaita shi, sannan a duba yadda shafin zai fito da Ctrl da P kafin a buga.